Kujerar Makka da kuɗin jama'a: wa zai biya wa wa?

Malam Sabo: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kun dai ji kuɗin kujerar bana ta 2025: naira miliyan 8 da dubu 457 ga mu 'yan shiyyar arewa, Borno da Adamawa miliyan 8 da dubu 327, 'yan kudu miliyan 8 da dubu 784. Kuma hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta riga ta faɗa tun bara cewa bana babu tallafin gwamnati. Tun jiya nake ganin mutane suna ta tada jijiyar wuya wai an yi wa Musulunci zagon ƙasa. To ga tawa, kowa ya ɗauke ta yadda ya ga dama: gara da aka janye. Kuɗin gwamnati ba na Hajji ba ne, ko sisi. Na ziyarar Kiristoci zuwa Urushalima ma haka.

Sadik: Tirƙashi! Malam, ko karyawa ba mu yi ba ka kunna wuta.

Ustaz Nura: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam Sabo, ina girmama ka, amma wannan magana ta yi tsauri. Ƙasar nan kuɗin me ne ba a kashewa? An saya wa 'yan majalisa motocin alfarma a 2023 ana tsakiyar kukan cire tallafin mai. An sayo wa shugaban ƙasa jirgi a 2024. 'Yan ƙwallo in sun ciyo kofi, ko ma ba su ciyo ba, a ba su gidaje da filaye. Duk wannan ba a ce kuɗi ya ƙare ba. Sai an zo kan rukuni na biyar na Musulunci sannan kowa zai zama masanin tattalin arziki. Ni abin da ke ba ni tsoro ke nan.

Malam Sabo: Allah gafarta Ustaz, ai ni na yi ta surutu a kan motocin nan a wannan zauren, sai da aka ce na cika mita. Don ɓarawo ya shiga ɗakin gabas ba zai sa in buɗe masa na yamma ba. Kuma kai ka fi ni sanin ayar, Ali Imrana aya ta 97: Hajji wajibi ne a kan wanda ya samu iko. Wanda bai samu ba, Allah da kansa ya ɗauke masa. Me ya kai gwamnati ɗaukar nauyin da Mai Sama ya sauke?

Ustaz Nura: Ayar ba ta hana a taimaka wa mutum ya samu ikon ba. Ɗa yana biya wa uwarsa, attajiri yana biya wa limamin unguwarsu, ba wanda ya ce Hajjinsu bai yi ba.

Malam Sabo: Ɗa da kuɗinsa yake biya. Attajiri da kuɗinsa. Gwamna da kuɗin wa?

Anti Rabi: Ku dakata in sa baki, don ni abin nan a cikin gidanmu ya faɗo. Inna shekara tara tana tara kuɗin Makka. Man gyaɗa da ƙuli take yi, ta yi adashi, in kwasarta ta zo ta sayi ɗan rago ta turke, in layya ta matso ta sayar ta ƙara. A 2023 kujera ba ta kai miliyan 3 ba, saura kaɗan ta cika, muka ce ta bari sai baɗi. Baɗin ta zo aka ce miliyan 4 da dubu 700. Muka haɗu mu 'ya'yanta muka cika, aka ba ta rasit, ta fara zuwa bita, har an ɗinka mata kayan. Ana cikin azumi, watan Maris na 2024, sai ga sanarwa wai kowa ya ƙaro miliyan 1 da dubu 900 cikin 'yan kwanaki. Malam Sabo, wallahi ranar Inna ba ta iya shan ruwa ba da aka kira magariba. Sai da yayanmu ya jinginar da gonarsa. An ce da ba don tallafin nan na naira biliyan 90 da gwamnatin tarayya ta bayar a shekarar ba, cikon da za a nema ya haura miliyan 3 da rabi. Da haka ta faru, da Inna ba ta ga Ka'aba ba har yau. Yanzu ka dubi idona ka ce min matar nan almubazzaranci aka yi a kanta.

Sadik: Allah Sarki Hajiya Inna. Ni na kai ta sansanin alhazai ma.

Malam Sabo: Anti, Allah ya karɓi ibadar Hajiya, ya sa ta yi mana addu'a a can. Ba zan taɓa kiran ta almubazzara ba. Amma lissafin ki ya yi daidai, kuma shi ne hujjata. Ta biya miliyan 6 da dubu 600, gwamnatin tarayya ta ɗora mata kimanin miliyan 1 da dubu 600, shi ya kawo miliyan 8 da ɗoriya da sababbin maniyyata suka biya a lokacin. Wannan miliyan 1 da dubu 600 ɗin an ba wa Hajiya Inna, an kuma ba wa wanda wannan ne zuwansa na bakwai, an ba wa mai gidan mai uku. Ba a tambayi kowa ba. Ni a makarantar da nake koyarwa, yara 90 ne a aji ɗaya, rabinsu a ƙasa suke zama. Uwar yaron da ke zaune a ƙasan nan ba ta taɓa riƙe dubu 500 tata ta kanta ba, kuma da haƙƙinta a cikin biliyan 90 ɗin.

Anti Rabi: To wa ya karya naira? Inna ce? Kafin Yunin 2023 dala a hukumance ba ta kai naira 500 ba. Gwamnati ta sake ta, a Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Mutane sun biya abin da aka ce su biya a kan lokaci. Ni ban ɗauki kuɗin nan a matsayin kyauta ba, diyya ce. Wanda ya fasa tulu shi ke biya.

Barista Hauwa: Yaya Rabi, wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da na ji a ɓangarenku, kuma na yarda da rabinta. Wanda ya riga ya biya bisa farashin da aka sanar, yana da bakin magana. Sai dai tulun nan ba na alhazai kaɗai aka fasa ba. Mai ciwon suga da ke sayen allurar insulin kowane wata, tulunsa ya fashe. Manomin da ke sayen taki, ɗalibin da ke karatu a waje iyayensa na aika masa dala, mai shagon kayan gyaran babur, duk rana ɗaya aka fasa musu. Wa aka biya a cikinsu? In diyya ce, me ya sa aka zaɓi mutum dubu 50 da 'yan kai cikin mutum sama da miliyan 200? Amsar ita ce abin da ya kamata mu tattauna, kuma ina jin duk mun san ta.

Sadik: Faɗe ta mana, Barista, kar ki bar mu a rataye.

Barista Hauwa: Mataimakin shugaban ƙasa Kashim Shettima ne ya sanar da biliyan 90 ɗin da bakinsa a filin jirgin Birnin Kebbi, ranar 15 ga Mayun 2024, wajen tashin jirgin farko. Gaban kyamara, gaban malamai da sarakuna. Allurar insulin ba ta da bikin tashin jirgi.

Ustaz Nura: Wannan kuma shiga zuciyar mutane ne. Niyya Allah kaɗai ya san ta.

Barista Hauwa: Gaskiya ne Ustaz, na bar masa niyyarsa. Bari in tsaya a inda na sani. Mutane suna yawan jefo sashe na 10 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ce gwamnatin tarayya ko ta jiha ba za ta ɗauki wani addini a matsayin addinin gwamnati ba. Wasu suna fassara shi kamar ya ce gwamnati ta toshe kunne daga duk abin da ya shafi addini. Bai ce haka ba. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin yin addininsa, kuma majalisa ce ta kafa NAHCON da doka a 2006, ta kafa hukumar masu ziyarar ibada ta Kirista a 2007. Don haka ni ba na cewa a rushe komai. Abu uku muke cakuɗawa a nan. Akwai hidima: biza, jirgi, masauki, likitoci, jami'in da zai tsaya maka in ka shiga matsala. Akwai tallafi, wato a rage wa kowa farashi da kuɗin baitulmali. Akwai kuma kujerar alfarma, wadda gwamna ko ciyaman zai raba wa wanda ya ga dama. Malam Sabo ya ce "ko sisi", ni ban kai can ba.

Yakubu Bulus: Barka da hantsi jama'a. Na yi shiru ne don kar a ce na shiga shirgin da ba nawa ba, amma tunda Malam Sabo ya ambaci Urushalima, bari in ce wani abu. Mu a wurinmu zuwa Isra'ila ba farilla ba ce. Babu inda aka ce in ba ka je ba bangaskiyarka ta ragu. Abu ne mai kyau ka ga Baitalami da kogin Urdun da idonka, iyakarta ke nan. Amma da yake ana kashe wa Hajji, sai aka ce mu ma a ba mu namu, kar a yi wariya. Haka aka samu hukumomi biyu, kasafi biyu, jerin sunaye biyu a ofishin kowane gwamna. Wani ya dawo ya maƙala JP, wato wanda ya ziyarci Urushalima, a bayan sunansa, alhali ko lahadi ba ka cika ganin sa a coci ba. Ni in za a tambaye ni, a daina duka biyun rana ɗaya. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a daina ɗaya a bar ɗaya, ko wanne ne.

Ustaz Nura: Malam Yakubu, ka faɗi gaskiya da ka ce ba farilla ba ce a wurinku. To ka ga ke nan ba daidai ba ne a auna su da mudu ɗaya.

Yakubu Bulus: Ustaz, a masallaci da coci ba mudu ɗaya ba ne, na yarda. A baitulmali kuwa mudu ɗaya ne, don harajin da ake cira a albashina da wanda ake cira a na Malam Sabo asusu ɗaya suke shiga. Ranar da gwamnati ta fara auna wane addini ne ibadarsa ta fi zama dole kafin ta fitar da kuɗi, ranar mun shiga uku dukanmu.

Baba Alhaji: Yara, na karanta duk abin da kuka rubuta, sai da na nemo tabarau. Bari tsoho ya ba ku labarin yadda gwamnati ta shigo harkar nan tun farko, don na ga kamar kuna zaton da tikiti ta fara.

Da can da ƙafa ake tafiya. A bi ta Borno, a ratsa ƙasar Chadi, a shiga Darfur, a kai El Obeid, a gangara har Suwakin a bakin Bahar Maliya, sannan a nemi jirgin ruwa. Mutum ya tsaya ya yi noma ko ɗinki ko ga-ruwa shekara ɗaya ko biyu, ya samu guzuri ya ƙara gaba. Shi ya sa malamanmu na Malikiyya suka ce wanda ke iya tafiya da ƙafa, kuma yana da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, in akwai aminci, shi ma ya samu iko. Ƙanin kakana ya tafi da matarsa da 'ya'ya biyu, bai dawo ba. Zuriyarsa suna Sudan har yanzu, ko kuma in ce suna can kafin wannan yaƙin ya tarwatsa mutane. Hausawan da kuke ji a Sudan, da yawansu 'ya'yan hanyar Makka ne, ban da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi a 1903 suka kafa Mai Wurno.

Mutane suna mutuwa a hanyar nan, ana cutar su, wasu su maƙale a Jidda ba kuɗin dawowa. Wannan ne ya sa a 1953 Alhaji Abubakar Imam, namu na nan Zariya, ya kai maganar gaban majalisa. Sardauna ya je Hajji a 1955 ya gani da idonsa. Malam Abubakar Gumi ma ai ya yi aikin jami'in kula da alhazai a Jidda. A tsohuwar Jihar Yamma, gwamnatin Awolowo, wanda Kirista ne, ita ta kafa hukumar jin daɗin alhazai a 1958. Ta ƙasa baki ɗaya ta zo a 1975. Duk don a tsare ran mutum da mutuncinsa ne. Rabon kujeru kamar goron biki daga baya ya zo, da kuɗin mai suka yi yawa, siyasa kuma ta gano cewa hanya mafi sauƙi zuwa zuciyar unguwa ita ce ta bakin limaminta.

Sadik: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Wannan ai darasi ne kyauta.

Dakta Mansur: Na goyi bayan Baba, kuma Malam Sabo, a nan ne "ko sisi" ɗinka ya karye. Saudiyya ba da ɗaiɗaikun mutane take yarjejeniya ba, da ƙasashe take yi. Kujeru dubu 95 da ta ware wa Najeriya a 2025, hukuma ce take karɓa ta sa hannu. Ku tuna 2012 da aka tsare ɗaruruwan matanmu a filayen jirgin Jidda da Madina a kan maganar muharrami. Wane kamfanin jirgin yawo ne zai iya zuwa ya yi wannan magana? Sai gwamnati. Ku tuna turmutsitsin Mina na 2015, 'yan Najeriya sama da 200 suka rasu, cikinsu har da Hajiya Bilkisu Yusuf 'yar jarida da Farfesa Tijjani El-Miskin. Wa zai bi asibitoci da ɗakunan ajiye gawa yana neman namu? A Hajjin 2024 zafi ya kashe mutum sama da 1,300, kuma hukumomin Saudiyya sun ce mafi yawansu waɗanda suka shiga ba da izini ba ne, ba su da tanti mai sanyi, ba su da mota, ba su da likita. Tsohuwa mai hawan jini a Arfa cikin zafin da ya haura digiri 45, likitan da ke jin Hausa take buƙata a kusa da ita. Wannan aikin gwamnati ne kamar yadda ofishin jakadanci yake aikin gwamnati.

Malam Sabo: Likita, na karɓa. Na janye "ko sisi". Likita da jami'in jakadanci a biya su, don ɗan ƙasa ɗan ƙasa ne ko yana Mina ko yana Landan. Amma fa likitan da zai yi aiki, ba ɗan uwan kwamishina da aka rubuta a jerin ma'aikatan lafiya alhali ko awon jini bai iya ba. A kan tallafi da kujerar alfarma kuwa ina nan inda nake. Ku yi lissafi da ni. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira dubu 70 ne, a shekara dubu 840. Biliyan 90 za ta biya mutum dubu 107 albashin shekara guda cur. An kashe ta a tafiyar wata ɗaya, wata biyu da rabi kafin matasa su fito zanga-zangar yunwa ranar 1 ga Agusta.

Sadik: Kuma kuɗin ma ina suka shiga? Ba a kansu EFCC ta yi ta yi wa shugabannin hukumar tambayoyi ba, har aka sauke Jalal Arabi a watan Agustan aka kawo Farfesa Abdullahi Saleh Pakistan?

Barista Hauwa: Sadik, a yi hattara. An yi bincike, an canza shugaba, wannan kowa ya sani. Bincike ba hukunci ba ne, kar mu yanke wa mutum abin da ba mu da hurumi a kai.

Sadik: Na janye, ranki ya daɗe, kar a kai ni kotu ina fama da kuɗin haya.

Malam Sabo: Ni abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne, Ustaz, kuma kai nake so ka ji wannan. In baki ya ci, ido kan ji kunya. Malamin da gwamna ya kai Makka sau uku, ranar da aka kwana biyar ba ruwa a asibitin gari, ko aka hana 'yan fansho haƙƙinsu, da wane baki zai hau mumbari ya faɗa? Mun gani ai. Huɗuba sai ta koma kan tsawon wando da gyalen 'yan mata. Kujerar nan ba don Allah ake ba da yawancinta ba, sayen shiru ne, kuma mu ake cira wa kuɗin sayen.

Ustaz Nura: Subhanallah. Malam Sabo, ka yi wa malamai kuɗin goro, kuma wannan zalunci ne. Kana sane da cewa ni ma an taɓa kai ni cikin malaman bita. Kwana 40 ban yi barcin kirki ba. Mutum ya zo daga ƙauye bai san yadda ake ɗaura harami ba, wata ta yi ɗawafi zagaye huɗu ta ce ta gama, wani ya ɓace a Muzdalifa sai da asuba muka gano shi. In babu malami a tare da su, miliyoyin da suka tara sun tafi a banza don ibadar ba ta inganta ba. Wannan shi ne sayen shiru?

Malam Sabo: Ba da kai nake ba, kuma in maganata ta taɓa ka, ka yafe ni. Malamin bita yana cikin hidimar da Barista ta faɗa. Amma ka faɗa min tsakaninka da Allah, a tawagar da kuka je, malamai nawa aka rubuta, nawa ne suka yi aikin?

Ustaz Nura: Na yafe. Tambayarka kuma ba zan amsa ta da lamba ba. Zan dai ce waɗanda muka yi aikin mun san junanmu, don ba mu da yawan da za mu ɓace wa juna.

Sadik: Ustaz ya amsa ba tare da ya amsa ba.

Ustaz Nura: Amma bari in ƙara wani abu, don kar a ɗauka na sallama. Tsorona shi ne inda wannan hanya za ta ɓulle. Yau a ce gwamnati ta cire hannu daga Hajji, gobe a ce me ya kawo hutun Sallah, jibi a ce a cire darasin addini a makarantun gwamnati. Mu ba Faransa ba ne. Mutanen ƙasar nan masu addini ne, Musulminsu da Kiristansu, kuma gwamnatin da ke mulkinsu ba za ta yi kamar ba ta san da haka ba.

Yakubu Bulus: A kan hutu da darasin addini ina bayanka, Ustaz, ni ma ba zan yarda a taɓa Kirsimeti ba. Amma hutun Sallah kowa yake samu, har ni ina kwana in huta, in kuma ci naman Anti Rabi. Kujera kuwa mutum ɗaya take ɗauka ta bar dubu.

Barista Hauwa: Kuma ba sai mun je Faransa ba. A nan Kaduna gwamnatin El-Rufai ta daina biya wa mutane kujerun Hajji da na Urushalima tun 2015. Ko me mutum yake ji game da shi, jirage ba su daina tashi daga Kaduna ba, hutun Sallah kuma yana nan. Kwamitin Oronsaye ma, na garambawul ga hukumomin gwamnati, tun 2012 ya ba da shawarar gwamnatin tarayya ta daina ɗaukar nauyin masu zuwa ibada. Indiya ta fi ba ni sha'awa. Kotun ƙolinsu ta yanke a 2012 cewa a janye tallafin Hajji a hankali cikin shekara 10, alƙalin da ya rubuta hukuncin Musulmi ne, kuma ayar nan da Malam Sabo ya kawo ita ya kafa hujja da ita. Aka rufe tallafin a 2018. Musulmi da yawa a can ba su yi kuka ba, don sun daɗe suna cewa kamfanin jirgin gwamnati, Air India, shi ke shan romon, ba alhaji ba.

Anti Rabi: Duk na ji. To Malam Sabo, tambaya ɗaya, kuma kar ka yi min kwana-kwana. Shekara 26 kana koyarwa, ba ka taɓa zuwa ba. Gobe ciyaman ya aiko maka da kujera, ya ce ga ta don Allah. Za ka mayar?

Sadik: Zaure ya yi tsit.

Malam Sabo: Anti, kin soke ni inda ke da zafi. Na rubuta "zan mayar" sau biyu ina gogewa. Gaskiya ban sani ba. Ina jin zan kwana ban yi barci ba, in tuna ƙissar da malamai ke kawowa ta Abdullahi ɗan Mubarak, wanda ya fito Hajji ya tarar da masu cin mushe don yunwa, ya ba su guzurinsa ya koma gida. Sannan in tuna shekaruna da ciwon gwiwata, in ce wa ya san ko zan ga wata damar. Wataƙila in karɓa. Kuma in na karɓa, na san ranar da ciyaman ɗin ya ƙi gyara rufin ajinmu bakina zai yi nauyi. Shi ya sa nake so a hana shi aikowa tun farko, kar a jarraba ni.

Baba Alhaji: Sabo, wannan ita ce magana mafi gaskiya da aka yi yau.

Dakta Mansur: To mafita fa? Don in an janye tallafi an bar mutane da miliyan 8 da rabi, Hajji ya zama na 'yan kasuwar canji da 'yan siyasa kaɗai. Malesiya tun 1963 suka kafa Tabung Haji. Mutum yana zuba kaɗan-kaɗan tun yana saurayi, asusun yana juya kuɗin a harkokin halal, daga ribar ake rage wa maniyyata farashi. Kuɗin alhazai ne ke tallafa wa alhazai. Mu ma an ƙaddamar da adashin gata na Hajji a Kano a 2020 tare da bankin Jaiz. Me ya hana mu rungume shi?

Anti Rabi: Likita, ba na kushe tsarin ba, amma ka tambayi wadda ta tara. Wanda ya ajiye naira miliyan 2 a 2022 saura ƙiris ya isa Makka. Ita wannan miliyan 2 ɗin a 2025 ko kwatan kujera ba ta kai ba. Abin da ya ceci Inna shi ne ba takarda ta ajiye ba, raguna ta ajiye, su kuwa in dala ta tashi su ma tashi suke. Sai an samu asusun da zai riƙe darajar kuɗin mutum, ko a ajiye masa da dala ko da zinari, sannan za ka ga mata irin su Inna sun yi layi.

Ustaz Nura: A nan kam ba ni da ja. Kuma da za a rage kwanakin da alhazanmu ke yi a can, a yi ciniki mai kyau a kan masauki da jirgi, a rage 'yan rakiya, ina jin farashin zai sauko ba tare da an taɓa baitulmali ba. Amma ina nan a kan cewa shekarar da gwamnati ta jawo faɗuwar kuɗi da hannunta bayan mutane sun biya, dole ta ɗauki wani abu.

Malam Sabo: In za ta ɗauka, ta ɗauka wa mai zuwan fari kaɗai, kuma a buga sunayen kowa ya gani.

Barista Hauwa: Ta kuma ɗauka wa mai insulin a ranar.

Anti Rabi: Ku dai ku ƙarasa. Ni na riga na sayi maruƙa biyu a kasuwar Anchau, na kai wa yaya ƙauye ya riƙe min, da sunan kujerata. Saura in fanso masa gonarsa tukuna.

Baba Alhaji: Rabi, nawa-nawa kika saye su? In da sauƙi a nemo wa Sabo ko da guda ɗaya ne, mu haɗa masa a zauren nan.

Yakubu Bulus: A sa sunana a farkon jerin. Dusar wata uku a kaina.